Taswirar Tsauni Mai Sanƙo

Hoto ɗaya Pyo Chil-bok ke yawo da shi a aljihun gaba, kuma duk mai zuwa zauren tsofaffi na ƙauyen Solgol ya gan shi har ya ƙoshi. Jikansa U-ram ne a ciki, tsaye da injin yankan ciyawa a kafaɗa, ga tudun kabari a gefensa an yi masa aski tas.

"Daga Seoul yake tasowa," in ji Chil-bok, duk ranar da ya fito da shi. "Awa uku a mota. Naku jikokin fa, suna ina?"

Kowa ya san kafin bikin girbi na Chuseok dole gida ya tura mutum tsauni ya yanke ciyawar kaburburan iyaye, kuma kowa ya san gidaje nawa suka koma ɗaukar 'yan kwadago su yi musu. Chil-bok shekara hamsin da takwas ya yi yana hawa da ƙafarsa zuwa kabarin ubansa. Shekara uku da suka wuce gwiwa ta ce ta gama. A hawan ƙarshen nan ya tafi da U-ram ya nuna masa wurin, tunda uban yaron, Gil-su, aiki ya riƙe shi a ƙasar waje. Yaron ya danna wani abu a waya ya ce shi ke nan, an ajiye, ko bayan shekara ɗari ba zai ɓata ba.

Saura kwana goma sha biyu bikin, sai ga 'Yar Yecheon ta shigo zauren tana kalle-kalle kamar baƙuwa. Shekara sittin da kawo ta aure garin, amma har yau da sunan garinsu ake kiranta. An yi mata aikin yanar ido a birni, kuma tun daga bakin ƙofa ta fara gaya wa mutane yadda suka tsufa ba ta sani ba.

"Baban Gil-su, miƙo hoton nan naka. Bara hazo kawai na gani, na ce maka ya yi kyau don ka bar ni in ci abinci."

Ya miƙa mata yana gyara zama. Ta kai shi bakin taga. Ta duba, ta sake dubawa, sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Me ya faru?"

"Wannan dutsen mai tsaga da ke bayan yaron, kana ganinsa?"

"Ina gani mana." Ba ya gani. Shi ma an ce ya je a yi masa idon, ya ce ba mai sa masa wuƙa a fuska.

"Baban Gil-su, ai wannan kabarin surukina ne. Ma Deok-gu."

Masu karta suka kife katinsu.

In da wani ne daban, da da sauƙi. Ma Deok-gu shi ne wanda a shekarar fari ya toshe ruwan gonar shinkafar uban Chil-bok, suka kama kokawa a cikin taɓo, ya cire masa haƙorin gaba da ƙotar shebur. Har suka mutu ba su sake gaisawa ba. Uban Chil-bok ko hanyar gidan Ma ba ya bi, gara ya zagaya ta bayan makaranta.

"Shekara biyu ke nan," in ji 'Yar Yecheon tana share hawayen dariya daga sababbin idanunta, "ɗana na zuwa daga Busan da laujensa, ya tarar an riga shi. An yi aski, an share, ga kan busasshen kifi, ga ƙanshin giyar shinkafa. Mu har mun yanke cewa wata tsohuwar budurwar marigayin ce ba mu sani ba. Ashe gidan Pyo ne! Kai, mun gode. Sau nawa yaron ke durƙusa masa? Biyu, ko?"

Chil-bok ya karɓe hotonsa, ya laluɓo sandarsa, ya fita ba sallama. Yana jin dariyar har ya wuce injin casar shinkafa.

Bai ko cire takalmi ba ya kira Seoul.

"Kai, ɗan banza. Wa kake yi wa aski shekara biyu?"

"Kaka? Lafiya? Ina wurin aiki fa."

"Na ce wa kake yi wa aski?"

"Baban Kaka mana. Daidai inda ɗigon da na sa a taswirar waya yake. Ai waya ba ta ƙarya."

"To ta yi. Asabar in gan ka. Ka zo da yayarka, tunda an ce aikinta ke nan."

Da-som, yayar U-ram, a kamfanin zana taswira take aiki. Chil-bok bai taɓa gane aikin ba. Ƙasar nan an zana ta tun zamanin sarakuna, tsaunuka ba su tashi daga inda suke ba, to me ake ta zanawa kullum har a biya mutum albashi? Ta sha yi masa bayani. Yakan gyaɗa kai ya ƙara mata shinkafa.

Kwana ukun da suka rage bai zauna banza ba. Ya yago shafin watan jiya daga kalandar ƙungiyar manoma, ya kife shi a kan tabarmar shanyar barkono, ya ɗauki fensirin kafinta. Aji uku ya yi a makaranta kafin a cire shi ya koma ɗaukar itace, amma hanyar kabarin ubansa ko ido rufe zai zana ta. Ya zana. Ya goge da ɗan yatsa ya sake. Da ya gama ya ɗaga ta sama ya ji daɗi.

Asabar da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gida. Suka durƙusa suka gaishe shi a barandar katako. Bai amsa wa U-ram ba.

"Faɗa mini yadda ka danna abin nan. Tun daga farko."

U-ram ya sosa ƙeya. Ƙato ne, ya yi soja ya gama, amma a gaban kakansa sai ya koma kamar ɗan aji ɗaya.

"To, Kaka ya tuna ranar, da muka gama yanka? Na ce bari in ajiye wurin a waya. Na fito da ita ke nan sai injin ya faɗi kan gidan rina."

"Na tuna. Ni na kwanta a ƙasa na rufe kai da riga, kamar mai hankali. Kai kuma ka ɓace."

"Gudu na ɗan yi."

"Sai kuma?"

"Inda na tsaya, sai na tuna ban danna ba. Na ce ai ba nisa, duk abu ɗaya ne."

Da-som ta rufe baki da hannu.

"Da na koma wata shekara," U-ram ya ci gaba da ƙaramar murya, "na bi ɗigon, sai ga kabari a wurin, daidai. Ba dutsen suna, ba komai, kamar namu. Ta ina zan sani? Duk tudu ne da ciyawa."

"Duk tudu ne da ciyawa," Chil-bok ya maimaita. "Ke kin ji ƙanenki. Ka ɗaga kai ka dubi gabas da yamma, ka ga inda rafi yake, ka ga wace ƙorama ce a hagunka? Ina! Kai na ƙasa, ido a waya, kamar kaza a kan tsaba. In ɗigon nan ya ce ka shiga rijiya shiga za ka yi."

"Kaka, da an sa dutsen suna tun farko ai da duk..."

"Rufe mini baki. Mai duba ƙasa da ya zaɓa wa Baba wurin cewa ya yi siffar kwale-kwale gare shi. Ka taɓa ganin an ɗora wa kwale-kwale dutse? Nutsewa zai yi da zuri'ar gaba ɗaya, har da kai da wayarka."

Ya jawo takardar kalandar ya shimfiɗa musu. "Ga taswira. Ta gaske. Ba ta cin wuta, ba ta tsoron rina."

Da-som ta sunkuya a kai, ta daɗe. Ita mai zana taswira ce, kuma ya ga yadda ta bi layukan da ɗan yatsa cikin ladabi, abin ya yi masa daɗi.

"Kaka, arewa ina take a nan?"

"Me za ki yi da arewa? Ga gida nan. Ki sa gida a bayanki."

"Wannan fa da aka rubuta, shan taba ɗaya?"

"Nisan ke nan daga bishiyar gam, mai jajayen 'ya'yan nan, zuwa dutse mai kama da kwaɗo. In kin kunna taba a gindin bishiyar, tana ƙarewa kina isa."

"Ba ma shan taba, Kaka."

"Ba na ce ku sha ba. Ku ƙiyasta."

Suka ɗaura tawul a wuya, suka fesa maganin ƙwari, suka tafi. Ya zauna yana juya barkono a rana yana jiran a dawo a ba shi haƙuri.

Rana na tsaka suka dawo, wandunansu duk ƙaya, U-ram da ƙarce a kumatu. Da-som ce ta yi magana.

"Kaka, hanyar da ka zana babu ita. Bara waccan an sayar da gangaren, an shimfiɗa farantan wutar rana, an zagaye da waya. Mun zagaya ta gefe."

"Bishiyar gam fa?"

"Ko kututture ba mu gani ba."

"Dutsen kwaɗo?"

"Tara muka ƙirga," in ji U-ram. "In ka ƙura wa dutse ido sosai, kowanne kwaɗo ne."

"Rafin ma ya sauya hanya," Da-som ta ce a hankali. "Tun guguwar da ta zaftare ƙasa. Daga nan sama kuma ba a ganin taku biyar a gaba. Mun yi ta kewaya."

Chil-bok ya dubi tsaunin ta saman katanga. Kore ne shar, cunkus, ba ko ƙofa. Damina uku ke nan ba a taɓa kabarin ba. Ya san abin da damina uku ke yi. Ta farko ciyawa, ta biyu kurangar daji, ta uku itatuwan ƙaya su kafa saiwa su fara ratsa ƙasa zuwa inda mutum ke kwance. Bayan biyar ko shida tudun ya baje, ya zama daji kamar kowane daji. Ya ga hakan ta faru da gidajen da suka ƙare. Nasu gidan bai ƙare ba, ga jikoki biyu a gabansa suna shan ruwan sha'ir, amma shi ne zai zama ɗan da ya ɓatar da ubansa yana raye.

Ya tashi ya zura takalmin roba, ya ɗauki lauje daga jikin bango.

"Kaka, ina za ka?"

"Ƙafata ta san hanya."

Ta san hanya, amma ba ta kai ba. Ƙarshen gonar barkono, inda ƙasa ta fara ɗagawa, gwiwar ta lanƙwashe, ya zauna daɓas a kan kunya. U-ram ya zo ya juya masa baya ya tsuguna. Chil-bok ya so ya ƙi. Daga baya ya hau, aka goyo shi zuwa gida, yana addu'ar kada 'Yar Yecheon da sababbin idanunta ta leƙo ta katanga.

Suka ci taliya mai sanyi. Da aka kwashe kwanuka Da-som ta ɗauko kwamfutarta daga mota ta ajiye a kan ɗan teburin cin abinci.

"Kaka, bari in nuna maka abu ɗaya. In bai yi ba, ka ci gaba da zagin aikina."

"Yaushe na zage shi?"

"Kullum kana ƙara mini shinkafa. Na san ma'anarta."

Ta juya masa fuskar kwamfutar. Kore ne kawai, dunƙule-dunƙule.

"Wannan tsauninmu ne daga sama."

"Wannan gonar kabeji ce."

"Tsaya tukuna. Bayan zaftarewar ƙasar nan an ba ofishinmu aikin auna duk tsaunukan gundumar. Ƙaramin jirgi mara matuƙi muke tashi, yana tafe yana yayyafa haske ƙasa kamar ruwan sama. Yawanci a kan ganye yake faɗawa. Amma kaɗan na ratsawa ta tsakanin ganyen ya taɓa ƙasa ya dawo. Sai mu ce wa kwamfuta ta zubar da na ganye, ta bar mana na ƙasa kawai."

Ta danna. Koren ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya rage toka-toka ne, tsirara, da ƙugu da kwari da jijiyoyi kamar bayan hannun tsoho.

"Matsalar ita ce," ta ci gaba, "tun a Seoul na duba. Tudu talatin da huɗu na ƙirga a gangaren nan. Kwamfuta ta ce duk tudu ne. Ba ta san na wa..."

Ba ta ƙarasa ba, domin kakanta ya riga ya jawo teburin gabansa har ƙoƙon ruwa ya kife.

"Miƙo mini gilashin karanta takardar magani."

Ya ɗora gilashin a kan fuskar kwamfutar, ya kai hancinsa kusa. Ya daɗe a haka. Su yaran nan da daji suka san tsaunin, sun ɗauka haka aka halicce shi. Ba su san bayan yaƙi ko sandar kora kare ba a samu a kansa ba. An sare komai an dafa abinci, an ɗumama ɗaki, har saiwa an tone. Tsauni ne mai sanƙo, ja wur, kana tsaye a ƙofar gida kana ganin mutum a ƙololuwa ka gane ko waye da tafiyarsa. A kan wannan sanƙon ya yi yarinta, a kansa aka binne ubansa yana ɗan shekara ashirin. Itatuwan daga baya ne, shi da hannunsa ya dasa wasu, lokacin da hukuma ke fito da kowa dashe. Ya ɗauka wancan tsaunin ya tafi ke nan. Ga shi yarinya ta fito da shi daga cikin jaka.

"Ke," ya ce. "Wa ya ba ku hoton nan? Ai a lokacin ba mai kyamara a garin nan."

"Ba tsohon hoto ba ne, Kaka. Na bana ne."

"Ƙarya kike. Ga hanyar masu itace nan, ga inda take rabuwa. Wannan hanyar ta mutu tun kafin a haifi ubanki."

"Wannan siririn layin? Mu mun ɗauka zaizayar ruwa ce."

"Ruwa na hawa tudu? Hanya ce. Matsar da shi sama. A'a, hagu. Yauwa."

Ɗan yatsansa ya fara tafiya a kan gilashin, yana barin tabon barkono.

"Wannan ba kabari ba ne, ramin gawayin tsoho Bong ne, bakinsa ne ya yi tudu. Waɗannan ukun a jere ramukan sojoji ne. Waɗannan biyun da suka jingina da juna, mai maganin gargajiya ne da matarsa. Wannan ƙaramin, yarinyar gidan Seok ce da ƙyanda ta ɗauke, ba mai zuwa wurinta."

"Kaka, a hankali!" Da-som ta jawo wayarta tana rubutawa da manyan yatsu biyu. "Na nawa ka ce mai magani?"

"Au, ke ma ashe akwai abin da ba ki sani ba."

"Shekara shida ina wannan aikin, ban taɓa ganin wanda ya karanta shi haka ba. A ofis sai mun tura mutum ya je ya duba."

"Ku riƙa tambayar tsofaffi. Suna nan zaune a zaure suna karta, ba abin da suke yi."

Sai yatsan ya tsaya. Wani ɗan fili ne dogo a ƙugun tsaunin, mai tsini gaba da baya, gefe da gefe a ɗage. Ko U-ram da ke leƙe ta kafaɗa ya gani.

"Kwale-kwale!" in ji shi.

A tsakiyarsa ga ɗan tudu guda, shi kaɗai.

Da-som ta sa masa alama, ta karɓi wayar ƙanenta ta gwada da tsohon ɗigon. "Mita ɗari da saba'in. Ka haye ƙorama ɗaya, ka hau gangare."

"Da rina a bayanka," in ji Chil-bok, "ashe kana da amfani."

Washegari da safe U-ram ya kai shi a mota har bakin shingen farantan wutar rana, ya kafa masa kujerar roba a inuwa, ya sa masa waya a hannu yadda zai riƙa ganinsu suna hawa. Ba su yi nisa ba sai ga 'Yar Yecheon ta ɓullo da keken turawarta na tsofaffi, da dafaffiyar masara a leda.

"Wa ya kira ki?"

"Ba kowa. Na zo in ga ko yau ma surukina zai samu kifi." Ta zauna a kan kekenta ta leƙa wayar. "Kai da ba ka gani, me kake kallo? Kawo nan."

Haka aka yi. Ita ke riƙe da waya tana faɗa masa abin da ke ciki, shi yana ihu.

"Yarinyar ce a gaba, tana duba wayarta. Yaron na sara da adda. Sun iso wata 'yar hanya."

"Ta masu itace ce! Ku bi ta! Da-som, in kin ga ta rabu, ki ɗauki ta dama!"

"Na gani a taswira, Kaka!" muryar ta fito tana haki.

"Ki gani a ƙasa ma! Ɗaga kai!"

Kusan awa guda suna kutsawa. Sau biyu hoton na daskarewa, Chil-bok ya ce wa 'Yar Yecheon ita ta lalata. Can sai Da-som ta ce sun iso, ɗigon ya hau kan alamar.

"Me kike gani?" ya tambayi 'Yar Yecheon.

Wannan karon ba ta yi dariya ba. "Kuranga ce ta lulluɓe komai. Akwai itatuwan ƙaya huɗu ko biyar, kaurin wuyan hannu. Gefe ɗaya aladun daji sun yi tono. Amma akwai tudu a ƙasa, Baban Gil-su. Yana nan."

"U-ram zai tada inji," in ji Da-som.

"Kar ya taɓa! An yi sau biyu, ba za a yi na uku ba. Ku tsaya a gabansa, fuskarku na kallon tsauni. Ku ja da baya taku uku. Ba takunka ba, ɗan banza, na yayarka, a lokacin ban kai ka tsawo ba. To ku tona nan, kamu ɗaya. Da hannu, a hankali."

"Me za mu samu?"

"Ku dai tona."

Tunda ba a sa dutse ba, ranar binnewa uwarsa ta ba shi kwanon shinkafar uban, fari, na tangaran. Ya rubuta sunan a ciki da tawada, da rubutunsa na ɗan aji uku, ya cika shi da toka da gawayi, ya kife a ƙasa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Bai ga dalili ba, tunda yana da ƙafa.

Ba a jin komai a wayar sai numfashi da ƙarar ƙasa. Chil-bok ya riƙe sandarsa da hannu biyu.

"Yaya, tsaya, ga wani abu. Fari ne."

"Kwano ne," in ji 'Yar Yecheon. "Ta juya shi. Tana share toka."

"Akwai rubutu, Kaka," Da-som ta ce. "Ya karkace sosai. Pyo... Man... su."

Chil-bok ya cire hularsa. Ya dafa sanda ya miƙe, ya juya ya fuskanci tsaunin ta saman farantan wutar rana, ya sunkuya iya inda gwiwa ta yarda.

"Baba, ni ne. Na yi latti."

'Yar Yecheon ta kau da kai tana ɓare masara. Da ya zauna ta miƙa masa rabi, ya karɓa.

"Ku mayar da kwanon yadda kuka same shi," ya ce wa wayar. "Itatuwan kuma ba sarewa kawai ba, ku bi saiwar. Da-som."

"Na'am, Kaka."

"Wannan hoton mai sanƙo, ki buga mini shi a takarda. Babba. Da sunayen da na faɗa miki. Ɗaya a liƙa a zaure, ɗaya a ninke a sa cikin littafin zuri'a."

"Ai na ajiye shi a wurare uku, ba zai..."

"Haka ƙanenki ya ce. Takarda."

"To, Kaka."

"Kuma ƙasa da Baba kaɗan, wajen gindin kwale-kwalen, akwai ɗan fili. Kin gan shi?"

Ta duba, ta ce ta gani.

"Ki sa masa ɗigo. Kar ki rubuta suna tukuna, ban shirya ba."

Injin ya tashi a can sama, ƙararsa na saukowa ta cikin itatuwa, tana kuma fitowa ta waya. Bayan ɗan lokaci ya mutu, fuskar U-ram ta cika wayar, duk ciyawa.

"Kaka, wancan tsohon ɗigon fa? In goge shi?"

"Ɗana dai bana ba zai zo ba," in ji 'Yar Yecheon, tana kallon sama kamar da gajimare take magana. "Ya ce tunda akwai mai yi."

Chil-bok ya tauna masara ya haɗiye. Ya tuna haƙorin ubansa. Ya kuma tuna yadda damina uku ke yi wa tudu.

"Bar shi," ya ce. "In kun gama ku bi ta can. Kun saba masa shekara biyu, yanzu haka yana zaune yana jira, mutumin da bai taɓa ƙin abin banza ba."

"Da kifin da giyar duka?"

"Baba zai fara ci ya ƙoshi. Shi kuma Ma Deok-gu ku ba shi wutsiya. Giya rabin ƙoƙo."

"Rabi?" in ji 'Yar Yecheon. "Haba, Baban Gil-su."

"Rabi. Shi da ya toshe ruwa ko ɗigo bai bar mana ba."